Takalafiya da ƙudan tsando

Mai cin kasuwar Anchau ya san Takalafiya, amma ka tsayar da matasan yanzu ka tambaye su dalilin sunan, sai a yi ta kallon-kallo.

A shekarun 1930 ciwon barci ya addabi ƙasar Zazzau. Ana cikin hira da mutum sai gyangyaɗi ya kwashe shi, abinci a hannu. A hankali ya rame, hankalinsa ya gushe, daga nan sai kabari. Ba waya, ba mota sai ta Bature, amma a haka ma'aikatan ciwon barci suka bi ƙauyuka ɗaya bayan ɗaya. Dagaci zai tara jama'arsa a gindin bishiya, a yi layi, malamin asibiti ya riƙa lalubar wuyan kowa yana neman kaluluwa. In ya ji kumburi sai ya soka allura ya ɗebo ruwan wurin, a duba a madubin likita nan take. Wanda aka ga ƙwayar cutar a jikinsa a rubuta sunansa, a fara masa allura. Wallahi duk lokacin da na tuna wannan sai in ji kunyar yadda yau amai da gudawa ke cin ƙauye mako guda kafin labari ya isa sakatariya.

Sai dai magani kaɗai bai isa ba, tunda ƙudan tsando, mai yaɗa cutar, na nan a kurmin bakin rafi, inda mata ke ɗibar ruwa, yara ke wanka. Shi ya sa a 1937 aka soma aikin Anchau, wanda T.A.M. Nash, masanin ƙwari da ya yi bincike a Gadau, ya tsaya a kai. Aka sassare bishiyoyin bakin rafuka don rana ta kori ƙudan, aka haƙa rijiyoyi da siminti, aka tashi mutane daga cunkoson tsohon gari aka kai su sabon wuri mai faffaɗan tituna. Shi ne Takalafiya. Cutar kuwa ta ragu ƙwarai, wannan ba gardama.

Ga inda nake da ja. A ƙarshen shekarun 1950 wani Ba'amurke mai nazarin al'umma, Horace Miner, ya zo Anchau ya zauna da mutane. Ya tarar suna fita saran rafi duk shekara, amma akasarinsu ba su yarda ƙuda ne ke kawo ciwon ba. Suna yi ne don umarni ya zo daga sama, daga sarki zuwa hakimi zuwa dagaci, kuma wanda ya ƙi ya san sauran. Shekara ashirin ana sa mutum aiki da adda a hannu, ba a shawo kansa ya gane abin da yake yaƙa ba!

Wasu za su ce ai buƙata ta biya, me kuma ake nema? Ni ban gamsu ba. Talakan da aka saba jera shi a layi a soka masa allura ba tare da bayani ba, ranar da ya daina tsoron dogari zai fara tambaya, kuma duk wanda ya riga ba shi amsa shi zai bi. Mun gani da idonmu a 2003, lokacin da jita-jita ta tsayar da rigakafin shan inna a Kano. Masu ɗigon suna ƙofar gida da akwatin ƙanƙara a kafaɗa, maigida yana daga zaure yana cewa yaran ba sa nan.