Minti Bakwai Na Yi A Fili

Ni dai shekara ta fi ashirin ina da kujera a gidan kallon bal na unguwarmu, benci na biyu daga gaba kusa da fanka, kowa ya san wajena ne. Tun 1999 da Kanu ya koma Arsenal nake bayansu, kuma ina cikin waɗanda suka hana ido barci a 1996 ranar da muka farke wa Brazil muka ci su 4 da 3 a gasar Olamfik ta Atlanta. Saboda haka in ana maganar wasanni ni a wajena malami nake. Ɗan wasa ya zubar da ƙwallo in miƙe in ce wallahi ko ni ba zan ɓarar da wannan ba, ina faɗa ina gyara zaman tumbina.

Abun ya fara ne ranar da jiri ya kwashe ni a shago, ƙanina ya matsa sai mun je asibiti. Likita ta ɗaura min abin awon jini ta kalla ta sake kallo, tace Alhaji jininka ya ɗan hau fa, kuma kilo 98 da wannan tsayin naka ya yi yawa, kana wasanni kuwa? Nace sosai ma likita, duk Asabar da Lahadi ba na fashi. Tace madalla, wanne kake yi? Nace Firimiya. Ƙanina ya fita waje don kar ya yi dariya a gabana.

Ita kam ba ta yi dariya ba, ta zauna ta yi min bayani tiryan-tiryan, wai motsa jiki kala-kala ne, akwai wanda ke sa zuciya ta buga numfashi ya ɗaga kamar tafiya da sauri da gudu da tuƙa keke da ninƙaya, akwai na ƙarfafa tsoka irin ɗaga ƙarfe, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu aƙalla minti 150 a sati, wato minti 30 sau biyar kenan. Tace yana sauke hawan jini, yana taimakon mai suga, barci ma sai ya fi daɗi. Sai ta ƙare da cewa amma ka fara da tafiya, a hankali, kar ka ce za ka rama na shekara ashirin a rana ɗaya. Toh wannan ta ƙarshen ita ce ta shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu. Tafiya? Ni da na buga wa ajinmu lamba tara a firamare?

A hanya na dinga lissafin wasan da ya dace da mutum irina. Dambe na cire shi tun farko, don na taɓa zuwa gidan dambe a Sabon Gari na ga yadda ake naɗe hannu da kara har ya koma kamar taɓarya, kalangu na tashi, ana yi wa yaro kirari, minti ɗaya ba a yi ba aka shimfiɗe shi aka ce an yi kisa. Wasan da in ka faɗi sunan abun kisa ai ba na mai iyali ba ne. Kokawa kuma maƙwabcina mutumin Maraɗi ya cika min kunne da labarin gasar takobi ta Nijar, amma da na tuna sai an cire riga a gaban jama'a nace a'a, akwai abin da ya kamata ya zauna a cikin jamfa. Langa ce kawai na gwada, a ɗaki, na kama ƙafa ɗaya ta baya na yi tsalle biyu na tafi luuu na rungume wadrof. Uwargida ta leƙo tace lafiya? Nace ƙadangare nake kora.

Shikenan sai bal. Ranar Asabar na shiga Ƙofar Wambai na sayi but na gwanjo da gajeren wando da jesi, mai kayan ya rantse min jesin babba ce, da na saka a gida sai ta tsaya a saman cibiya kamar ta ga abin tsoro. Uwargida ta kalle ni tun daga sama har ƙasa tace Abban yara, don Allah in za ka fita ka ɗora doguwar riga a kai, muna da surukai a layin nan.

Lahadi da sassafe bayan asuba na tsaya wajen mai koko, nace mota ma sai da mai take tafiya, na sha kofi biyu da ƙosai na ɗari biyar. Kuskure na ɗaya kenan. Na isa filin makarantar firamare da samarin unguwa ke bugawa, na tarar suna ta zagaye fili suna miƙe ƙafa suna lanƙwasa ƙugu. Kocinsu, yaron da na halarci sunansa, ya zo da ladabi yace Baba sannu da zuwa, ka ɗan zagaya sau biyu jiki ya yi ɗumi kafin a fara, in tsoka tana sanyi aka fizge ta tana iya yagewa. Nace yaro, ina buga bal babanka bai yi aure ba. Yace Allah ya ba da haƙuri Baba. Kuskure na biyu.

Aka raba mu, ba wanda ya zaɓe ni, sai da kocin ya haɗa ni da wani ɓangare kamar gyara a kan awo. Nace lamba tara zan buga. Aka hura usur.

Jama'a, fili a talabijin ƙarami ne. Wallahi ƙarya allon nan yake mana. Minti biyu na farko ban taɓa ƙwallo ba amma na ji kokon nan ya taso ya tsaya min a maƙogwaro yana tambaya ko ya fito, haƙarƙarina na dama ya soke kamar an caka min tsinke, ina numfashi kamar injin markaɗe. Wani ɗan yaro da bai fi shekara sha biyar ba ya zo ya zura min ƙwallo ta tsakanin ƙafa, ya dawo ya sake zurawa, sannan yace yi haƙuri Baba. Wannan haƙurin ya fi min ciwo.

A minti na bakwai dama ta zo. Ɗan tsakiyarmu ya zuro min ita ƙasa-ƙasa, daga ni sai gola, na ji ana ihu Baba! Baba! sai jikina ya manta shekarunsa, na zuba da gudu, a raina ina ganin Kanu a Atlanta. Na ɗaga ƙafar dama da duk ƙarfin da Allah ya ba ni na narka. Ƙwallon tana nan inda take ko motsi ba ta yi ba. But ɗina ne ya tashi sama ya wuce gola ya wuce raga ya sauka a kan kwanon aji uku, ƙwarram. Lokaci guda na ji abu biyu sun yage, ɗaya a bayan cinyata ɗaya a bayan wandona, kuma har yau ban san wanda ya riga wani ba. Na zube a ƙasa ina salati.

Ina kwance ina jiran a ce fenariti, ko ba komai a ce wani ya taɗe ni, sai na ji rafali yana cewa ai dama Baba satar gida ya yi. Wato ko da na ci ba za a karɓa ba. Ni da nake koya wa mutane dokar ofsaid a gidan kallo har da zane a ƙasa.

Samari huɗu suka ɗauke ni, biyu suka ce ba za su iya ba aka ƙaro biyu. Kocin ya sa aka sayo ƙanƙara a leda ya ɗora min a cinya, yace kar a murza kar a sa ruwan zafi yau, ni kuma ina ta roƙo a miƙo min doguwar rigata in rufa asiri. Mai adaidaita da ya kawo ni gida ya tambaya ko haɗari ne, nace eh, bai ƙara tambaya ba, Allah ya yi masa albarka. Uwargida ta buɗe ƙofa ta gan ni da but ƙafa ɗaya, ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan tace nawa-nawa aka tashi?

Sati biyu ina sallah a kan kujera. 'Yan dubiya suna zuwa suna cewa Allah ya sawwaƙe, sun fita ƙofa in ji su suna ƙyaƙyatawa. Da na koma asibiti likita ta saurari labarin duka, ta rubuta magani, tace Alhaji me na ce ka fara da shi? Nace tafiya, murya ƙasa-ƙasa.

Yanzu kullum bayan asuba ni da wani dattijon layinmu, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da ya haura saba'in, muke takawa har bakin titi mu dawo, minti talatin cif, da gorar ruwa a hannuna, kokon sai an dawo. Shi ne a gaba ni a baya, lokaci-lokaci ya tsaya ya jira ni yana jan carbi yace yaro ɗaga ƙafa mana. Kilo uku sun tafi, jirin ma ya daina, jesin dai har yanzu ba ta sauko ba.

Hanyar tamu ta gaban makarantar nan take bi. But ɗin yana nan a kan kwano, rana ta fara cin kalarsa, kuma yaran sun ƙi sauko da shi, wai in baƙi suka zo wasa shi suke nuna musu. Jiya ma da muka wuce wani ya ɗago hannu daga cikin fili yace Baba Kanu, yau akwai gurbin lamba tara fa. Na yi kamar da dattijon yake.