Juma'ar da na sabunta kwamfuta

Wata huɗu ina kallon saƙon nan a kusurwar allo: Windows 10 za ta daina samun kulawa ranar 14 ga Oktoba, 2025, ko zan koma Windows 11? Kullum sai in danna "daga baya", kamar mai bashi ya hango mai binsa a bakin layi.

Kwamfutar tawa 'yar Kwatano ce, batirinta ba ya wuce minti goma sha biyu, amma da ita nake cinikin zinare a MetaTrader 5, manhajar saye da sayarwa ta intanet inda ake cin riba ko asara da hawa da saukar farashi, daga ɗakina a Pantami. Ƙanina da ke karatun kwamfuta ya duba ta ya ce, "Yaya, ta cancanta da ƙyar. Tana da TPM 2.0, ɗan guntun tsaron da Windows 11 ke buƙata, injinta Intel ne zubi na takwas, kuma da na bakwai ne da an bar ka a tasha." Wani abokin harka kuwa ya rantse mini ba a taɓa injin da ke kawo abinci. Na bi ta tsakaninsu, wato na ci gaba da zama.

Ranar Juma'ar farko ta Satumba jarumtar ta motsa. Da safe na sayi zinare, ban sa iyakar asara ba, don a ganina ido na kai ya fi. Ƙarfe ɗaya na yi alwala, na ɗauki darduma, sai na ce ai kafin liman ya sallame an gama sabuntawa. Na danna, na fita ina jin kaina kamar injiniya.

Ana tsakiyar huɗuba abin ya faɗo mini. Juma'ar farkon wata ce Amurka ta saba fitar da rahoton ayyukan yi, ƙarfe takwas da rabi na safe agogon New York, wato ɗaya da rabi a Gombe. Duk ɗan harka ya san a wannan minti zinare kan yi tsalle kamar akuyar da ta ga kura. Allah ya yafe mini, ban san me liman ya ce daga nan ba.

Na iso gida ina haki. Allo shuɗi, kashi 34 cikin ɗari, da gargaɗin kada a kashe kwamfuta. Kashe kwamfuta ba ya rufe ciniki, yana can a sabar dillali, wato babbar kwamfutar kamfanin da nake ciniki ta hannunsa, yana tafiya ko kana nan ko ba ka nan. Na ce to bari in shiga ta waya. Ta nemi kalmar sirri. Kalmar da na rubuta a bayan wata takarda shekara biyu da suka wuce.

"Takardar da ke ƙarƙashin firinta?" in ji uwargida. "Ai da ita na ƙunsa wa Inna daddawa."

Kafin in amsa hadari ya haɗu, aka ɗauke wuta.

Minti goma sha biyu ke gare ni. Na sungumi kwamfuta a buɗe, caja na jan ƙasa, na fita da babbar rigar Juma'a kamar mai tallan ƙosai. Yara suka biyo ni. Mai askin bakin titi ya ce janareta ba mai, sai na saya. Na tura yaro da galan, na tsuguna tsakanin gashin mutane ina kallon batiri yana zubewa. Saura kashi uku injin ya tashi. Wani dattijo da ake yi wa gyaran fuska ya leƙo ya ce, "Ɗana, mara lafiya ce?" Na ce, "Baba, tiyata ake mata."

Sai bayan la'asar ta farka, maɓallin farawa ya dawo tsakiya kamar baƙon da bai san wurin zamansa ba. Hannuna na rawa na buɗe MetaTrader.

Riba. Dala goma sha ɗaya. Zinare ya hau, ni kuma da na saba rufewa da zarar na ga dala biyu, ban samu hanyar yin ɓarna ba. Na cire kuɗin fetur, da na data, da askin da kunya ta sa na yi, abin da ya rage bai kai kuɗin Keke Napep zuwa Jekadafari da dawowa ba.

Da na ba uwargida labari, ba ta ɗago daga tankaɗen gari ba. Ta ce, "Maigida, yaushe za su fito da Windows 12?"