Mutum shidan da ba a tafa wa

Lokacin da mu a Gombe muke fama da hazo da tsagewar leɓe, lokacin ne 'yan tseren keke na duniya suke buɗe kakarsu. A Janairu ana Tour Down Under a Adelaide ta Ostireliya, a Fabrairu a koma Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Ruwanda, a Maris kuma a yi Paris-Nice a Faransa da Tirreno-Adriatico a Italiya. Na san wasunku za su ce ina ruwanmu, Firimiya ta ishe mu. To jama'a ku ɗan ba ni aron kunne. Ni a ganina babu wasan da ake tauye wa 'yan ƙungiya haƙƙinsu na yabo kamar wannan, kuma rashin gane haka ne ya sa maganar da muke yawan yi ta "a nemo haziƙin yaro a tura shi waje" ba ta kai mu ko'ina.

Irin wannan tsere kwana shida zuwa takwas ake yi, kowace rana zango guda, sau da yawa kilomita 150 ko fiye. Ana tara lokacin kowa kullum, wanda nasa ya fi ƙaranci shi ke sa rigar jagora. A manyan gasannin kowace ƙungiya mutum bakwai take zubawa, amma ɗaya ake so ya ci. Sauran shidan fa? Babban aikinsu tare masa iska. Duk wanda ya taɓa tuƙo keke daga Kumo zuwa Gombe da safiyar hunturu ya san iska ce ke cinye ƙarfin mutum, ba nisa ba. Wanda ya laɓe a bayan wani yakan rage wajen kashi ɗaya cikin uku na wahalarsa. Shi ya sa za ka ga mutum ya zauna a gaba yana shan iska na awa biyu ko uku, ƙafa ta mutu, ya koma gefe, ya iso bayan an gama ɗaukar hoto. Wani kuma aikinsa ya koma motar ƙungiya, ya cusa gorunan ruwa a cikin rigarsa har bayansa ya yi tozo, ya sake kutsowa cikin mutum ɗari da wani abu yana raba wa 'yan'uwansa. Idan tayar jagora ta yi faci kuma mota na nesa, kekensa zai miƙa masa, shi ya tsaya a bakin hanya.

Wanda yake shakka ya nemi Paris-Nice ta 2021 da ta 2022 ya kalla a jere. A 2021 Primoz Roglic na Sulobeniya, ɗan ƙungiyar Jumbo-Visma, ya ci zango uku, kowa ya sallama masa. Ranar ƙarshe ya faɗi sau biyu, kafaɗarsa ta goce, aka bar shi a baya yana fafutuka, Maximilian Schachmann na Jamus ya ɗauke gasar. Shekara na zagayowa ƙungiyar ta dawo da shiri. Tun zangon farko mutum uku nata suka ɓalle daga taron, Roglic da Wout van Aert da Christophe Laporte, suka iso tare, suka bar wa Laporte ya tsallake layi da farko. Bafaranshe ne, sabon zuwa ƙungiyar, a ƙasarsa ake yi. Wannan kyautar ba banza ba ce, mutum ake saye da ita.

Sai ranar ƙarshe a Nice, ana ruwa. Simon Yates na Ingila ya ɓalle da gudu a hawan tudun Col d'Eze, Roglic ya kasa bin sa, abin bara yana neman maimaituwa. Van Aert ne ya shiga gaban Roglic yana ja, yana waiwaye, idan ya ga ya fara barin sa sai ya sassauta. Ku tuna wannan mutumin ba ƙaramin yaro ba ne, a 2021 zango uku ya ci a Tour de France, gasar keke mafi girma a duniya. Yates ya ci zangon, amma Roglic ya tsira da gasar da daƙiƙa 29. A littafin tarihi sunan mutum ɗaya aka rubuta. Kamar gayya ce: an taru an nome gonar, an ce gonar wane ta yi kyau.

Na san akwai mai cewa ai duk ƙwaya suke sha. An yi wannan zamanin, har aka ƙwace wa Lance Armstrong kofunan Tour de France bakwai a 2012. Amma ƙwaya ba ta tare wa mutum iska.

Wannan aikin gayya ne ya sa na fi son gasannin farkon shekara. A nan ƙungiya take gane wanda zai yi biyayya da wanda kansa kawai ya sani, tun kafin a shiga manyan gasanni masu mako uku.

Mu dawo gida Afirka. Daga 2014 zuwa 2018 'yan Ruwanda ne suka riƙa cin Tour du Rwanda. Da aka ɗaga darajar gasar a 2019 ƙungiyoyin Turai masu ƙarfi suka fara zuwa, sai kofin ya koma hannun 'yan Iritiriya da Turawa. Wasu na ganin asara ce. Ni ban ga asara ba, domin ƙasar da ta iya shirya wannan ita ce ta karɓi gasar duniya a Kigali a Satumban 2025, karon farko a Afirka. Biniam Girmay na Iritiriya, wanda ya ci zango uku da koriyar riga ta wanda ya fi tara maki a Tour de France ta 2024, a gasar Tropicale Amissa Bongo ta Gabon ya fara jan hankali a 2019. Gasa ce ta fito da shi, ƙungiya ta ɗauke shi. Mu kuwa a Olamfik ta Paris a 2024 sai da 'yar wasanmu Ese Ukpeseraye ta ari keke a wajen Jamusawa.

Ƙafafu dai muna da su. Je ka kasuwar ƙauye ka ga dattijo ya ɗora buhun masara a tsohuwar Phoenix yana hawa tudu ba tare da ya sauka ba. Hanya ma akwai: Bauchi zuwa Gombe ta Alkaleri wajen kilomita 150 ne, zango guda cif. Washegari a bi Kumo da Billiri zuwa Kaltungo, masu son hawa a kai su Tula. Rana ta uku a yi Bauchi zuwa Dass. Amma idan jihohin nan biyu za su gwada, roƙona kada a sa kuɗin duka a kan wanda ya zo na ɗaya. A raba kyautar ga ƙungiya, a sa sharaɗin kowace ta zo da makanike da mai ba da ruwa, a rufe hanya da gaske saboda tireloli, a kuma cike ramuka tun kafin Disamba.