Ayar Maraɗi a kofin mutanen Balensiya

Bari in fara da abin da na san za a fara jifana da shi. Eh, na yi aiki a mashaya. Shekara biyu cur ina bayan kanta a nan Balensiya ta ƙasar Sifaniya, ina wanke kofuna, ina fasa ƙanƙara, ina matse lemon tsami har fatar yatsuna ta sale. Ban taɓa kai ko ɗigo bakina ba, amma na san hadisin da ya haɗa mai sha da mai ɗauka da mai zubawa, ba sai an tuna min ba, kuma ba fatawa na zo bayarwa ba. Lokacin takarduna ba su gama fitowa ba, ga kuɗin haya, ga 'yan gida suna ganin duk wanda ya tsallaka Turai ya haye. Da Allah ya kawo mafita na bari. Yanzu a shagon kunun aya nake aiki, eh kunun aya, zan zo kan wannan.

Abin da ya tsaya min a rai tun daga wancan aikin shi ne awo. A mashayar da na yi aiki ba a zuba komai da ka. Akwai wani ɗan ma'aunin ƙarfe mai baki biyu kamar kalangu, gefe ɗaya mililita 30 ɗayan 60, da shi ake auna duk abin da zai shiga kofi. Wadda ta koya min aikin, wata 'yar Kolombiya mai faɗan tsiya amma mai kirki, in ta ga ka zuba abu ba ka auna ba sai ta juye shi a kwata a gabanka ta ce sake. Akwai wani haɗi na Italiya da ake kira Negroni, abu uku ne kacal, kowanne mililita 30, to ko a Tokiyo ka nema haka za a ba ka. Haɗin da ke da tsami kuwa ƙa'idar da ta koya min kashi biyu na mai ƙarfin, kashi ɗaya tsami, kashi ɗaya zaƙi, shi ma zaƙin suga ne da ruwa daidai wa daida aka narkar. Wanda aka sa wa ruwan 'ya'yan itace girgiza shi ake yi da ƙanƙara, wanda barasa ce zalla juyawa ake yi a hankali da dogon cokali. Hatta ƙanƙarar lissafinta ake yi, don kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da mutum ya biya kuɗi ya sha ruwan ƙanƙarar da ta narke ne, kuma da gangan ake so ta narke ɗin.

Ni da ba na ɗanɗanawa da hanci na koyi komai. A nan ne na fara cin karo da gida. Wata rana ina goge kwalbar nan mai launin shuɗi ta wata barasa da ake kira jin, Bombay Sapphire, sai na ga an zana kayan ƙamshin da ke ciki guda goma a jikin kwalbar, ɗaya an rubuta daga Afirka ta Yamma yake. Na duba da kyau, wallahi citta mai 'ya'ya ce, wadda Gwaggo take dakawa a yaji. Turawa sun raɗa mata suna 'ya'yan aljanna. Kalmar alkohol kanta daga Larabci ta fito, al-kuhl, wato kwallin da iyayenmu mata ke rambaɗawa a ido, haka kalmar da Sifaniyawa ke kiran ruwan suga da ita, harabe, daga sharab take. Zoɓo ma akwai shi a kantar, busasshe a cikin kwalba mai murfi, suna ce masa hamaika, suna jiƙa shi don ya ba haɗi ja da tsami, kuma duk wanda ya san kasuwar Maigatari ya san tireloli nawa na zoɓo ke tashi daga Jigawa a kai tashar ruwa a wuce da shi Meziko.

To ga inda raina yake ɓaci. Kayan namu ne, amma da zarar sun tsallake ruwa sai su zama marayu, ba uwa ba uba. Su kuwa mutanen nan komai nasu da sunan garinsu a goshi. Ba ka isa ka kira giyarka shamfen ba sai in a yankin Shamfen na Faransa aka yi ta, shi ya sa ta Sifaniya mai kumfa ake ce mata kaba. Jar giyar inabi ta yankin Riyoha na Sifaniya in ka ga an rubuta kalmar "kiriyansa" a kwalbar to ya yi shekara biyu a ajiye, resarba shekara uku, giran resarba biyar, doka ce, akwai hukumar da ke bi tana dubawa. Har haɗin da garin nan ke alfahari da shi, wanda suke kira ruwan Balensiya, lemon zaƙi da kaba da jin da wata barasa bodka, za a gaya maka wanda ya ƙirƙiro shi, Constante Gil, da shagon, Café Madrid, da shekarar, 1959. Mu fa? Wa ya fara sa ɓawon abarba a zoɓo? Oho.

Sai batun aya, wanda shi ne ya sa na zauna rubuta wannan. Ranar da na fara shan abin da suke kira orchata na kusa ƙwarewa don dariya. Kunun aya ne, ba wani abu ba. Aya da ruwa da suga, ba dabino ba kwakwa ba citta, ni a bakina ma salam yake in ka haɗa shi da na gida. Amma zo ka ga gata. A arewacin birnin akwai wani gari Alboraya, gonakin aya ne ko'ina, ana shukawa wajen Afrilu da Mayu a haƙe daga Nuwamba, a shanya ta wata da watanni ana juyawa. Ayar Balensiya na da rajistar suna irin ta giyarsu, da tambarinta. Ana cewa Larabawa ne suka yaɗa nomanta zamanin da Musulmi ke mulkin garin, kafin Sarki Jaime ya karɓe shi a 1238. Ana kawo maka kofin da sanyinsa ƙarara da wani dogon burodi mai suga, farton, kana tsomawa. A shagonmu Yuro uku ne kofi, kuma da bazara layi ake yi.

Ayar da suke nomawa ba ta isarsu. Suna shigo da ita daga Nijar da Burkina Faso da Mali. Wato ayar da manomin Agye ko Cadawa a jihar Maraɗi ya duƙa ya tone ya rairaye daga ƙasa, tana iya ƙarewa a kwalin orchata a babban kanti a nan, sai dai ita ba ta da tambari, ita ce "ta waje", mai araha. Ni na taɓa buhunan da hannuna a wani sito, ƙurar jikinsu ma ƙamshin gida take yi.

Kar a ɗauka cewa nake sun fi mu iyawa, ko kaɗan. Mai shayin bakin layinmu a Fagge, wanda yake ɗaga kofi sama ya tsiyayo shayi ya dawo da shi ba ɗigo ɗaya a ƙasa, yana soya ƙwai da ɗayan hannun, yana riƙe da lissafin bashin mutum goma sha a kansa, yana kuma raba gardamar Arsenal da Chelsea, aikin da masu haɗin nan ke yi ke nan sak, har da sauraron matsalar kwastoma. Bambancin kawai su akwai makarantar abin, da satifiket, da gasa, mutum ya ce wannan ce sana'ata ba kunya. Kuma teburin mai shayi ba a tashi daga shi a yi amai a kwata, ni na share irin wannan da asuba ba sau ɗaya ba, na ga magidanci da furfurarsa yana kuka a kan kanta ƙarfe uku na dare, saboda haka duk ƙyale-ƙyalen fitilu da kofunan ba su rufe min ido ba. Su kansu sun fara ja da baya, giyar da aka rubuta wa 0,0, wato wadda ba barasa a ciki, tana tafiya sosai a Sifaniya, kuma wuraren shan da yawa yanzu na da shafin haɗe-haɗen da ba barasa, a ciki za ka ga citta da tsamiya da zoɓo ana sayar da su da tsadar gaske.

Abin da nake ganin muna asara shi ne rashin rubutawa da rashin aunawa. Zoɓon da ka saya yau ya yi daɗi, gobe wajen mutum ɗaya ka koma ka tarar suga ya yi yawa ko an cika filebo har yana hawa kai. Masu sayarwa a gora suna ƙoƙari, ga matsalar wuta, kunun aya kuma ba ya haƙuri, ko a nan da firji ba ya ɗaukewa kwana biyu zuwa uku ne ya juya. Amma awo ba ya buƙatar NEPA. Gwangwanin madara ma ma'auni ne in dai kullum shi ɗin za a yi amfani da shi. Kuma mai zai hana a ce zoɓon Maigatari, ayar Maraɗi, cittar Kaciya, a rubuta a jikin gorar yadda ake cewa kilishin wane gari ko furar wane gari?

Makon jiya na kira Gwaggo, wadda kunun ayarta duk unguwa an san shi, na ce Gwaggo don Allah ki faɗa min daidai, aya tiya nawa, dabino nawa, ruwa kofi nawa, ina so in rubuta in gwada wa mai shagonmu. Ta yi shiru, sai ta ce kai ɗan nan Turai ta lalata ka, ana auna kunu ne? Ka zuba, in ya yi za ka ji ya yi. Na ce to ki bari in Ummi ta dawo daga Islamiyya ta tsaya kusa da ke da gwangwani, duk abin da kika ɗebo ta auna kafin ki zuba. Ta ce sai dai in turo kuɗin ayar. Na tura ranar Litinin, Ummi ta ce an yi kunun an shanye, ita kuma ta manta da gwangwanin.