Su waye za su zauna a taron dam ɗin?

Jama'a, duk sanda na ji ana maganar taron ƙasa na masu ruwa da tsaki kan illar madatsun ruwa, abin da nake fara tambaya shi ne wa aka gayyata. Don mun san yadda ake yi, otal a Abuja, injiniyoyi da daraktoci da 'yan kungiyoyi masu kwat, a sha shayi a karanta takarda a watse, shi kuwa mutumin da ke ƙasan dam ɗin, wanda ruwan ke shigar masa ɗaki da tsakar dare, ko labari bai samu ba.

Ni ba na adawa da dam fa, kar wani ya zo min da wannan. Mu da ke nan Legas ai da shi muke ci. Tumatur da albasa da tattasai na rani da ake saukewa a Mile 12, da yawansu ruwan Tiga ne ya shayar da su a Kadawa da Kura, wutar da muke zagin NEPA a kanta ma wani kaso daga Kainji da Jebba da Shiroro take zuwa.

Amma ku je kasuwar shanu ta Kara ku tambayi 'yan uwanmu masu shanu me ke faruwa idan damina ta yi nisa aka buɗe dam ɗin Oyan da ke kusa da Abeokuta. Kogin Ogun ya cika ya tumbatsa, Isheri ta zama tafki, ka ga dattijo ya naɗe wando har cinya yana jan bijimi da igiya zuwa bakin titi, buhunan dusa sun jiƙe sun fara tsami, mai shayi ya ɗora teburinsa a kai yana lalube da ƙafa. Eh ana sanarwa, a jarida da Turanci. Wa ya karanta?

Kuma abin ba yau ya fara ba. Kainji da aka gama a 1968 ta haɗiye tsohuwar Bussa, an tashi mutane sama da 40,000. Bakolori kuwa, Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, a 1980 manoman yankin Talatar Mafara sun tare hanya suna neman diyyar gonakinsu, 'yan sanda suka buɗe musu wuta. Tiga da Challawa sun yi wa Kano rana, amma ka gangara Haɗeja zuwa Nguru ka ji kukan masunta da makiyaya, ambaliyar da ke kawo kifi da ciyawa duk shekara ta ragu, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, tsuntsaye sun samu wurin ɓuya suna cinye shinkafa. Da yawa cikin yaran da ke tura baro a Agege daga irin waɗannan garuruwan suka fito, ba son Legas ne ya kawo su ba.

Sai dam ɗin Alau, Satumbar 2024, Maiduguri ta kwana cikin ruwa, alhali a 1994 ma dam ɗin ya taɓa yin ɓarna. Lagdo ta Kamaru kuma duk shekara sai an tayar mana da hankali, dam ɗin Dasin Hausa da aka ce za a gina a Adamawa ya tare ruwan har yau yana kan takarda.

To in da gaske ake, a kai zaman nan bakin ruwa. A yi shi a Nguru, a yi a Yawuri, a yi a Isheri, sarkin ruwa da ardo da shugaban kasuwar Kara su zauna a gaba, da matan da ke sana'ar busar da kifi, a yi magana da Hausa da Nufanci da Yarbanci. A fito da jadawalin buɗe ƙofofin kowane dam a faɗa a rediyo da masallatai da wuri, a kuma gaya mana yaushe aka duba lafiyar kowanne, wa ya duba, nawa aka ware na gyara, ina kuɗin suka shiga. Hukumar HYPPADEC da aka kafa don garuruwan da ke kewaye da madatsun wuta ita ma ta zo da lissafinta a hannu, mu gani.