Wa ya ce gwamnati ce ke amince wa da farashin DStv?

Kanun labarin nan na cewa "gwamnati ta amince da ƙarin kuɗin DStv" ya kauce hanya, domin babu hukumar da MultiChoice, kamfanin da ya mallaki DStv, ke kai wa farashi ta sa hannu. NBC, hukumar kula da kafafen yaɗa labarai ta ƙasa, lasisi take bayarwa. FCCPC kuma, hukumar kula da gasa a kasuwa da kare haƙƙin masu saye, a ƙarƙashin dokar 2018, hurumin ta shi ne binciken danniya a kasuwa, ƙayyade farashi sai da umarnin shugaban ƙasa, kuma haka Mai shari'a Omotosho ya faɗa a Abuja a Mayun 2025, bayan kuɗin wata na tsarin Premium ya tashi daga naira 37,000 zuwa 44,500, na Compact daga 15,700 zuwa 19,000. Mai cewa kuɗin haƙƙin mallaka ne silar ƙarin, rabin gaskiya ya faɗa. Kuɗin iri biyu ne. Akwai na sayen izinin nuna wasanni kamar Firimiyar Ingila, da kuɗin waje ake biya, shi ya yi tsalle tun da aka saki naira a Yunin 2023. Akwai kuma ladan mawaƙa da 'yan fim, wanda ƙungiyoyi irin su MCSN (ta waƙoƙi) da AVRS (ta fina-finai) ke karɓa da izinin hukumar haƙƙin mallaka, da naira, kuma sai an kai ruwa rana kafin a biya. To nawa ne daga 19,000 ɗin ke isa hannun mawaƙin Kano? Ku tambayi kamfanin wannan, tunda mai gidan kallon ƙwallo ba shi da wata tashar da zai koma.