Da babu jarrabawa babu bulala, me ya zaunar da su karatu?

Assalamu alaikum. Shekaranjiya wani ɗan'uwa malami daga Kassala, a nan Sudan, ya turo mini saƙo. Suna shirin tara ɗaliban sakandare su riƙa koya wa ƙanana darasi bayan la'asar, yana tambaya nawa ya kamata a ware na alewa da biskit don duk yaron da ya ci tambaya. Na ce masa a nan zan amsa a fili, domin maganar ta daɗe tana ci mini rai.

Lissafi nake koyarwa. A Wad Madani nake har Disamba 2023, lokacin da muka fito da abin da hannu zai iya ɗauka muka sauka Gadarif. Duk wanda ya zauna a garin a wannan lokacin ya san yadda makarantu suka koma masaukin 'yan gudun hijira: allo na nan a bango, amma tabarmi da tukwane ne a ƙarƙashinsa. Tun 15 ga Afrilu 2023 da yaƙi ya ɓarke karatu ya tsaya. Jarrabawar shahada, wato ta kammala sakandare, da ya kamata a yi a wannan shekarar sai ƙarshen Disamba 2024 aka samu yinta. Wato wata da watanni babu maki, babu sakamakon da za a kai wa uba, babu mai tsayawa da bulala a bakin ƙofa. Duk abin da muke tura yara karatu da shi, yaƙi ya ɗauke shi rana ɗaya.

A nan na ga abin da ban taɓa gani ba duk shekarun da na yi ina riƙe da alli. Yawancin yara sun ajiye littafi, kuma ban ga laifinsu ba. Amma a tsakar gidan da muka sauka, 'yar ƙanwata mai shekara 16 ta tara ƙanana bakwai, ba wanda ya sa ta. Da gawayi take rubutu a jikin kwali. Ranar da na fara tsayawa ina saurare, kusur take koya musu, wato lissafin su rabi da rubu'i, darasin da ni kaina na san yana kayar da yara a aji. Ta ɗauko kisra ɗaya, siririyar gurasar nan ta Sudan, ta yaga biyu, ta sake yagawa, ta ce da Hausa: “Wanne kake so, wannan ko wannan?” Yaron ya nuna babban. Ta ce: “To ka ga rabi ya fi rubu'i, ko da huɗu ta fi biyu. Ni ma nan ne ya ruɗe ni shekara guda cur.”

Wannan magana ta ƙarshe, ni ba zan iya faɗinta ba. Na manta lokacin da kusur ya taɓa yi mini wuya. Ita kuwa jiya-jiya ta haye, ta san daidai inda ƙafa ke zamewa. Sannan ga harshe. 'Ya'yanmu da Hausa suke tashi a gida, a makaranta a tarbe su da Larabcin littafi, wanda ko Larabcin kasuwa bai yi kama da shi sosai ba. Yaro ya ji kunyar ce wa Ustaz bai gane ba. Amma “Yaya, sake faɗa” ba ta da nauyi a baki.

Sai ni da kaina na ɓata abin. Na ga suna ƙoƙari, na ce bari in ƙarfafa su, na sayo alewa na sa doka: wanda ya fara kawo amsa daidai, tasa ce. Sati na farko sai murna. Sati na biyu yara biyu masu saurin kai suka mamaye komai, wata ƙarama da a da take yawan tambaya ta yi shiru, domin tambaya tana cin lokaci, lokaci kuma alewa ne. Ranar da na zo hannu wofi, wani ya dube ni ya ce: “Kawu, yau ba karatu ke nan?” Yaron da wata biyu yana zuwa don kansa! Wannan tambaya ta hana ni barci.

Masana sun daɗe da gano wannan. A 1973 Mark Lepper da abokan aikinsa a Jami'ar Stanford ta Amurka suka samu ƙananan yara masu son zane da kansu. Wasu aka yi musu alkawarin takardar yabo idan sun zana, wasu aka ba su ita ba zato bayan sun gama, wasu ba a ba su komai ba. Bayan mako ɗaya zuwa biyu aka sake baza alƙaluman zane ba tare da an ce komai ba. Waɗanda aka yi wa alkawari, kusan rabin lokacin da sauran suka yi suna zane kawai suka yi. Ku lura, kyautar ba-zata ba ta yi ɓarna ba. Cinikin ne ya yi, wato yi kaza in ba ka kaza. Edward Deci da Richard Ryan na Jami'ar Rochester sun shafe shekaru a kan wannan, kuma abin da suka tsaya a kai shi ne sha'awar da ke fitowa daga cikin mutum tana rayuwa ne idan yana jin da zaɓinsa a cikin abin, yana ganin hannunsa na faɗawa, kuma yana tare da waɗanda suka damu da shi.

Na ƙarshen nan ɗalibi mai koyar da ɗan'uwansa a arha yake samunsa, tunda unguwa ɗaya suke, kwano ɗaya. Sauran biyun ne sai an nuna masa, don in ka bar yaro ɗan shekara 17 da ƙanana, abin da aka yi masa shi zai yi musu: ya nemo tsumagiya, ya ɗaure fuska, ya ce kowa ya maimaita. Na gani da idona a wani gida kusa da mu. Cikin sati uku ba wanda ya rage masa.

Akwai wani yaro ɗan shekara 13 da ke bin karon ruwa, wato amalanken jaki mai ɗaukar ruwa, kun san wahalar ruwa a Gadarif. Ya rantse shi kansa ba ya ɗaukar lissafi. 'Yar ƙanwata ba ta yi masa wa'azi ba. Ta ce ya taimaka mata ta gane: ganga tana cin jarka nawa, nawa ake sayar da jarka, nawa ne na mai karo, nawa ne na abincin jaki. Kafin ta gama rubutawa ya ba ta amsa da ka. Ta juya kwalin ta nuna masa, ta ce: “Abin da ka yi yanzu, a littafi sunansa ɗarb da ƙisma,” wato ninkawa da rabawa. Bai ce komai ba, amma washegari shi ya riga kowa zuwa, da tambayarsa ta kansa: in gona faddan biyar ce, kowane faddan murabba'in mita 4,200, ta yaya za a raba wa magada? Ba ta ce masa kai haziƙi ne ba. Ta ce: “Yadda ka ware kuɗin jaki tukuna kafin ka raba, shi ya sa lissafin ya fita.” Yabo irin wannan yana gaya wa yaro abin da zai sake yi gobe.

Kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kakanninmu da suka biyo Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi a 1903 da tsarin tsangaya suka zo, inda gardi ke biya wa kolo allonsa kafin a je gaban alaramma, suka tarar da khalwa, makarantar allo ta nan Sudan, tana tafiya kusan haka, manyan almajirai na duba na ƙanana a bakin wutar dare. Ban ce babu bulala a can ba, akwai ta har ta yi yawa. Amma tambayi duk wanda ya sauke, zai tuna maka gardin da ya zauna da shi a kan aya ɗaya har ta zauna.

Wani zai ce yaro mai jin yunwa ina ruwansa da sha'awar ilimi. Gaskiya ne, kuma shi ya sa nake cewa a ciyar da su. A ba kowa shayi da burodi, wanda ya ci tambaya da wanda ya faɗi, kafin a buɗe littafi. Abin da nake ƙi shi ne a rataya abincin a wuyan amsa.

Don haka ɗan'uwana na Kassala, kuɗin alewar nan ka sayi alli da littattafan rubutu da sukari. Kada ka ba ɗalibi ɗaya fiye da yara biyar ko shida. Ka bar ƙananan su zaɓi abin da za a fara da shi ko da sau ɗaya ne a mako. Su kuma masu koyarwar kada ka sake su su kaɗai, domin suna koyar da kuskure ba su sani ba, kuma suna da nasu karatun da ke jiransu. Ni duk Alhamis bayan magariba nake zama da nawa, su shida ne yanzu, mu warware abin da ya gagare su a makon. Yaron karon nan yana cikinsu, ƙanana huɗu ne a hannunsa, ya ce a wannan Alhamis ɗin in zo da shirin kusur ashariyya, wato lambobi masu ɗigo, domin wata yarinya ta yi masa tambayar da ya kasa amsawa.